Takin ruwa a rairayin bakin teku: ƙasa yake gyarawa ko shuka kaɗai yake ciyarwa?

Manomin_Denu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekara uku ke nan ina noman lambu a wani fili da na karɓa haya tsakanin Denu da Aflao, a yankin Volta na ƙasar Gana, kusa da teku ƙwarai, har idan dare ya yi tsit ana jin ƙugin ruwa daga cikin gonar. Ina shuka albasa da attaruhu da kuɓewa, wani lokaci da latas. Ƙasar farin rairayi ce zalla, wadda idan ka jiƙa ta ka dunƙula a hannu, kana buɗe tafinka za ta wargaje. Ina yin bayi da safe, kafin azahar fangalin ya bushe kamar ba a taɓa zuba masa ruwa ba, kuma idan na watsa takin zamani shukar takan yi kore shar na kwana goma, sannan ta koma rawaya. Wani maƙwabcina ya ce in daina wahalar da kaina, in jiƙa kashin shanu da na kaji a cikin duro in riƙa ba shuka ruwan, wai cikin shekara ɗaya ƙasar za ta canja. Tambayata ga masana da waɗanda suka taɓa gwadawa ita ce: shin takin ruwa na gargajiya yana gyara irin wannan ƙasa da gaske, ko kuwa shi ma zai bi sahun takin zamani ya tsiyaye ƙasa?

Baban_Ikram:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina gabas da kai kaɗan, a Bagida, bayan tashar jiragen ruwa ta Lome, kuma rairayinmu ɗaya da naku. Shekara huɗu ke nan ina haɗa takin ruwa kuma ban yi nadama ba. Nakan zuba kashin kaji da ya sha iska rabin buhu, in ɗaure bakin buhun, in rataye shi da sanda a cikin duro mai cin lita 200, in cika ruwa, in rufe da wani buhun saboda ƙuda. Kowace safiya nakan ɗaga sandar in nutsar da buhun sau da yawa, kuma bayan mako biyu zuwa uku, idan kumfar ta kwanta warin ya ragu, ruwan ya nuna. Ba a ba shuka shi tsagwaronsa. Nakan sirka har launinsa ya koma kamar shayin da bai ji ganye ba, in zuba a gindin shuka da yamma bayan an yi bayi, sau ɗaya a mako. Attaruhuna ya daina zubar da fure, kuma kuɗin da nake kashewa a takin buhu ya ragu sosai.

Malamar_Ƙasa:
Ina yi wa kowa sallama. Abin da Baban_Ikram ya faɗa gaskiya ne a kan shuka, amma tambayar Malam a kan ƙasa take, kuma ya kamata mu raba biyun. Matsalar rairayi ita ce ƙwayoyinsa manya ne, ba su da abin da zai riƙe ruwa ko abincin shuka, saɓanin laka da ruɓaɓɓen ganye waɗanda suke kama sinadarai su ajiye wa saiwa. Shi ya sa naitirojin da fotashiyam suke bin ruwan bayi su wuce inda saiwar albasa take, wadda da ƙyar take zarce santimita 30. Takin ruwa yana da amfani a nan saboda ana ba da shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, shuka na sha kafin ya tsere. Sai dai ku dubi lissafin. Buhun ɗanyen kashin shanu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kimanin giram 250 ne kawai, kuma mafi yawansa yana maƙale a cikin tuƙar da ta rage a buhu, ba ya narkewa a ruwa. Albasa kuwa tana buƙatar abin da ya kai giram 10 a kowane murabba'in mita a kakar noma guda. Ko da a ce duka ya narke, duro ɗaya ba zai wuce fili mai murabba'in mita 25 ba. Kashin kaji ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa Baban_Ikram yake ganin sakamako. Ta ɓangaren gyaran ƙasa kuma, saman hekta ɗaya mai zurfin santimita 15 ya haura tan 2,000 a nauyi, don haka ƙara ruɓaɓɓen abu da kashi ɗaya cikin ɗari kacal yana nufin sama da tan 20 na abin da ya riga ya ruɓe ya zauna. Babu duron da zai kawo wannan. Abin da ke gyara ƙasar shi ne tuƙar da mutane da yawa suke zubarwa bayan sun tace ruwan.

Baban_Ikram:
Malama, na karɓi gyara a kan lissafi, amma ni tuƙar ba na zubar da ita, a cikin fangali nake binne ta kafin dashe. Wataƙila rabin yabon da nake yi wa ruwan ita ya kamata in yi wa.

Dattijon_Kasuwar_Albasa:
'Ya'yana, ni ba manomi ba ne, fataucin albasa na yi sama da shekara talatin, kuma na daɗe ina zuwa Anloga sayen ƙaramar albasar nan mai yin gungu da mutanen Anlo suka shahara da ita. Duk wanda yake son ya san yadda ake noma a rairayi ya je ya zauna da su, domin siririyar ƙasar da ke tsakanin tafkin Keta da teku sun fi shekara ɗari suna cin abinci a kanta. Abin da idona ya gani shi ne, ba sa dasa komai sai sun cika fangali da busasshen kashin shanu da ake kawowa daga nesa a mota, da kashin kaji, kuma tsofaffinsu suna ba da labarin kashin jemage da ƙananan kifi da ake binnewa a ƙasa. Kowace shuka sai an sake zubawa, ba a cewa an zuba bara. Idan ka tona fangalin da aka daɗe ana nomawa za ka ga samansa ya yi duhu kamar tafin hannu ɗaya ko biyu, ƙarƙashinsa kuma farin rairayi yana nan yadda Allah ya halicce shi. Wannan ya nuna mini cewa maganar maƙwabcinka ta shekara ɗaya akwai gaggawa a cikinta. Mutanen da suka gaji abin tun kaka da kakanni har yau ba su gama gyara ƙasar ba, ciyar da ita suke yi.

Ɗan_Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni daga Nijar nake, ba mu da teku, amma jigawarmu ba ta fi taku riƙe ruwa ba, don haka ina ganin akwai abin da za mu iya ƙara muku. A wurinmu idan aka ce takin ruwa, da yawa fitsarin mutum da aka adana suke nufi, domin da wannan suna aka san shi tun wani shiri da aka gudanar a ƙauyukan Aguie na jihar Maraɗi a wajen 2009. Daga baya mata manoma a jihar Maraɗi suka riƙe shi, suka sa masa suna Oga don a rage ƙyamar ambatonsa. An yi gwaji 681 a gonakinsu tsakanin 2014 da 2016 tare da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, aka samu ƙarin amfanin gero na kusan kashi 30 cikin ɗari. Ana tara shi a jarka, a toshe bakinta sosai, a ajiye wata biyu zuwa uku. Lita ɗaya takan ƙunshi naitirojin giram 3 zuwa 7, kuma a narke yake, wato ya fi ruwan kashin shanu ƙarfi. Mahaifiyata tana cikin masu yi, kuma na ga bambancin zangarniyar da idona.

Abu_Hafsa:
Ɗan'uwa, ka yi mini afuwa, amma wannan magana ta yi mini nauyi. Fitsarin ɗan Adam najasa ne, ta yaya Musulmi zai ɗauka ya zuba a kan abin da zai ci ya kuma sayar wa jama'a? Kashin dabbobi daban, wannan daban.

Almajirin_Zaure:
Abu_Hafsa, damuwarka tana kan hanya, kuma malamai sun yi magana a kanta tun da daɗewa. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba, don haka duron Baban_Ikram babu zance a kansa. Fitsarin mutum kuwa najasa ne ba tare da saɓani ba, amma shukar da aka shayar da najasa ita kanta mai tsarki ce, abin da ake nema shi ne a wanke duk inda najasar ta taɓa a zahiri, a kuma kiyaye jiki da tufafin salla. Akwai malaman wasu mazhabobi da suka tsananta fiye da haka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, babu wanda ya wajabta masa, kuma ya kyautu kowa ya zauna da malamin garinsu a kan halin da yake ciki.

Hajiyar_Nima:
Ni mai sayar da abinci ce a unguwar Nima cikin Ankara, babban birnin Gana, kuma kullum sai na sayi latas da kabeji da karas. Ku manoma kuna maganar abin da zai sa ganye ya yi kore, ni kuma ina tunanin yaron da zai ci ganyen nan ɗanye. Na taɓa karɓar latas da na wanke sau uku amma warin kashin kaji bai fita daga tsakanin ganyen ba, dole na zubar da kwando guda, na kuma rabu da mai kawo mini. Ina roƙonku, duk abin da za ku jiƙa a duro, kada ku watsa shi ta sama a kan abin da ba a dafawa.

Malamar_Ƙasa:
Hajiya ta taɓo wurin da ya fi kowanne muhimmanci. Jiƙa ɗanyen kashi a ruwa na mako biyu ba ya kashe ƙwayoyin cutar gudawa da taifot da ƙwan tsutsar ciki. A dokar Amurka ta noman da ba a sa takin zamani, idan an zuba ɗanyen kashin dabba sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, latas kuwa gaba ɗaya rayuwarsa ba ta kai haka ba. A kan fitsari, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ce a adana shi wata shida a rufe idan za a ba kowane irin amfanin gona da za a kai kasuwa, sannan a bar wata guda tsakanin zubawa ta ƙarshe da girbi. Shawarata ga Manomin_Denu ita ce ya keɓe ruwan duro ga attaruhu da kuɓewa da albasa, a gindi kawai, latas kuma ya dogara da takin da ya ruɓe sosai wanda aka haɗa da ƙasa tun kafin dashe.

Injiniyan_Rijiya:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma na lura babu wanda ya tambayi Malam da wane ruwa yake bayi, alhali a bakin teku wannan ita ce tambayar farko. Ruwan daɗin da kuke samu a rijiyoyinku marasa zurfi ruwan sama ne da ya taru a cikin rairayi yana yawo a kan ruwan gishiri, domin ya fi shi rashin nauyi. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, duk mita ɗaya na ruwan daɗi da ya ɗaga sama da fuskar teku yana da kimanin mita 40 a ƙarƙashinsa, saboda haka idan famfo ya janye saman ruwan ya sauka kaɗan, ruwan gishiri yakan hauro ninki arba'in ɗin abin da ya sauka. Albasa tana cikin shukokin da ba sa jure gishiri ko kaɗan, haka karas da wake, tumatir ya fi su haƙuri. To, kashin kaji yana da gishiri, fitsari ma haka, kuma idan aka haɗa su da ruwan zartsi a lokacin rani, za a ga bakin ganye yana ƙonewa a ɗauka yunwa ce, a ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. Abin da ya yi wa gero daidai a Maraɗi da ruwan sama ba lallai ya yi wa albasa daidai a Denu da ruwan rijiya ba. Akwai kuma ɗaya gefen: duk naitirojin da ya tsere wa saiwa, na buhu ne ko na duro, cikin wannan rijiya yake sauka, wadda a wurare da yawa ita ce ake sha. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 50 na naitiret, wato siffar da naitirojin yake ɗauka idan ya bi ruwa, a kowace lita ta ruwan sha, kuma jarirai ne suka fi cutuwa idan aka wuce.

Manomin_Denu:
Injiniya, kamar ka shiga gonata. Rijiyata ba ta kai gaba uku ba, kuma daga watan Fabrairu zuwa saukar ruwa a Afrilu ruwanta yakan yi ɗan zartsi a harshe, har wani farin abu yakan fito a gefen fangali idan rana ta yi. A daidai lokacin ne bakin ganyen albasata yake bushewa, ni kuma duk shekara sai in ƙara mata yuriya. Yanzu na gane cewa wataƙila da hannuna nake ƙara mata ciwo. Hajiya, na ji roƙonki kuma na ɗauka. To amma har yanzu ina nan a kan tambayata: idan ruwan duro ba zai gyara ƙasar ba, me zan haɗa da shi wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya?

Mai_Kifin_Badagry:
Malam, kana zaune a bakin teku kana neman taki daga nesa, alhali ga shi nan ana zubarwa a inda mata suke gyaran kifi. Ni a Badagry nake, kuma abin da nake yi shi ne in karɓo kai da hanji da ƙaya, in daddatsa, in auna su kilo da kilo da mazarƙwaila, in jera a bokiti mai murfi hawa-hawa, mazarƙwaila ce a sama. Ba a zuba ruwa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu zai narke ya zama ruwa mai kauri, ƙamshinsa mai ɗan tsami-tsami, ba warin ruɓa ba. Idan ya yi warin mushe, to zaƙin ya yi kaɗan. Cokali biyu nake sawa a bokitin bayi mai lita 15. Sharaɗi ɗaya shi ne kada ka karɓi ragowar kifin da aka riga aka barbaɗa wa gishiri, saboda abin da Injiniya ya faɗa. Ina kuma tunanin gwada ciyawar tekun nan mai ruwan ƙasa da take taruwa a gaɓa, tun da kyauta ce.

Injiniyan_Rijiya:
Mai_Kifi, a kan kifin ban da ja, amma ciyawar nan ka yi hattara da ita. Sunanta sargasum, kuma tun 2011 take sauka da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan. Ban da gishirin da ke jikinta, tana tara sinadarin asinik daga ruwan teku, wanda guba ne, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Idan za a yi amfani da ita, a kai ta gindin itatuwan kare iska, kada a kai ta fangalin kayan miya.

Ɗalibi_a_Yogyakarta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun aikin gona a Indunusiya, kuma an kai mu gonakin da ke gaɓar kudu ta tsibirin Jawa, a yankunan Bantul da Kulon Progo, inda ake noman barkono da ƙaramar albasa da kankana a kan baƙin rairayin bakin teku. Takin ruwa ya yaɗu ƙwarai a wurinsu, suna haɗa shi da fitsarin shanu ko na zomo ko na awaki, su zuba ruwan rake mai kauri su bar shi ya yi tsami, kuma kusan kowace ƙungiyar manoma tana da nata haɗin. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ba da shi suke farawa ba. Da farko sukan dasa layin itatuwan kasuwarina ta ɓangaren teku don tare iska mai ɗauke da gishiri, wadda take ƙona ganye ta kuma kwashe danshi. Sannan su kawo laka daga cikin ƙasa su cakuɗa da rairayin tare da takin shanu mai yawa, su rufe fangali da tattakar shinkafa ko leda. Takin ruwa shi ne na ƙarshe, kamar man da ake zubawa a kan tuwon da ya riga ya tuƙu. Irin wannan shingen itatuwa ne ya kare lambunan Niayes na Senegal, tsakanin Dakar da Saint-Louis, daga rairayin da iska take turowa. Saboda haka amsata ga tambayar Baba Manomin_Denu ita ce laka, da taki mai jiki, da rufi, da shinge.

Gwaggon_Yara:
Ina goyon bayan ɗalibin nan, kuma zan ƙara da gawayi. Ina da ɗan lambu a bayan gida a Kotonu, kuma da na ga takin da nake zubawa yana ɓacewa cikin wata uku saboda zafi da yawan bayi, sai na fara sayen garin gawayin da yake ragewa a ƙasan buhu wurin masu sayarwa, wanda kusan kyauta suke bayarwa. Nakan jiƙa shi a cikin ruwan duro mako biyu kafin in haɗa da ƙasa, domin idan aka zuba shi a bushe yakan fara shanye abincin shuka kafin ya saki. Gawayi ba ya ruɓewa da wuri kamar kashi, kuma ramukan jikinsa suna riƙe ruwa da taki. Fangalin da na yi wa haka shekara biyu da suka wuce yana kai wa la'asar da sauran danshi, na kusa da shi kuwa tun hantsi yake bushewa. Toka ce dai ban yarda a zuba a cikin duron ba, ko a cikin jarkar mutanen Maraɗi, domin tana kore naitirojin ya fice a iska, za ka ji warin yana hawa ido.

Alhaji_Mai_Shago:
Ni ina sayar da kayan noma, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23, wato daidai da abin da ke cikin kusan buhu casa'in na ɗanyen kashin shanu bisa lissafin da Malama ta kawo. Mai fangali goma zai iya wasa da duro, amma mai hekta biyu fa, duro nawa zai jera, kuma wa zai biya masu ɗauka? Mun ga abin da ya faru a Siri Lanka a 2021, lokacin da gwamnati ta hana shigo da takin zamani a watan Afrilu, noman shinkafa da shayi ya faɗi, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar. Laifin da Malam ya gani ba na takin ba ne, na yadda ake zuba shi ne. A rairayi ba a watsa shi gaba ɗaya, rarraba shi ake yi kashi huɗu ko biyar.

Baban_Ikram:
Alhaji, babu wanda ya ce a hana takin zamani, ni kaina ina sa NPK kaɗan a lokacin dashe. Amma tun da maganar shago ta taso, akwai abin da yake damuna. Bara na sayi wata kwalbar takin ruwa mai tsada a wurin wani mai talla da ya zo har gona, ya ce lita ɗaya ta isa hekta guda kuma ba sai na ƙara komai ba. Babu bayanin abin da ke ciki a jikin kwalbar sai hoton tumatir. Na keɓe mata fangali shida na bi umarninsa, kuma su ne suka fi kowanne ramewa a gonar. Lita ɗaya, ko me aka narka a ciki, ba za ta ciyar da hekta ba.

Alhaji_Mai_Shago:
Wannan gaskiya ne, kuma ni ba na ajiye kwalbar da ba a rubuta adadin sinadaranta da lambar rajistar hukuma a jikinta ba.

Dattijon_Kasuwar_Albasa:
Akwai kalma ɗaya a cikin bayanin farko da kowa ya tsallake, ita ce haya. Ɗana, shekara nawa mai filin ya ba ka? Na ga mutane da yawa a gefen Ankara da Tema sun kashe ƙarfinsu sun mai da rairayi baƙar ƙasa, ranar da ta yi kyau mai fili ya ce zai yi gini ko zai ba ɗansa. Laka da gawayi da itatuwa jari ne na shekaru, mai gona ne yake cin ribarsu. Idan yarjejeniyarka ta baki ce, shekara-shekara, to ni ban ga laifin ka tsaya a kan abin da zai ciyar da shukar bana ba, kuma a nan takin ruwa ya fi dacewa da halinka fiye da yadda masana suke nunawa. Idan kuwa za ka iya samun takarda ta shekara biyar a gaban shaidu, sai ka sayi laka.

Malamar_Ƙasa:
Baba ya kawo abin da ba a koya mana a aji ba, kuma na yarda da shi rabi. Inda na tsaya shi ne, rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓawon kwakwa da binne tuƙar duro suna biyan kuɗinsu a kaka ɗaya ta hanyar rage yawan bayi, ko da filin na haya ne. Akwai kuma abin da nake so Malam ya duba kafin ya ɗora komai a kan yunwa ko gishiri. Ya tuge kuɓewa ɗaya da ta rame ya wanke saiwar. Idan ya ga ƙulle-ƙulle kamar an jera tsakiya, to tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, kuma rairayi ne gidanta. Shukar da ta kamu ba ta iya shan taki ko wane iri ne, kuma maganinta shi ne sauya shuka, da tunkuzar 'ya'yan darbejiya, da yawaita ruɓaɓɓen taki a ƙasa.

Manomin_Denu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, yarjejeniyata ta shekara biyu-biyu ce kuma ta baki, zan je in sami mai filin da maganar takarda bayan girbin nan. Malama, na tuge kuɓewa uku da yammacin nan, biyu lafiya lau, ɗaya tana da ƙulle-ƙullen da kika faɗa, daga fangalin da na shekara uku ina maimaita kuɓewa a cikinsa. Ga abin da na yanke: zan ware fangali takwas na attaruhu idan ruwa ya sauka. Biyu zan yi musu yadda na saba, biyu ruwan duro kaɗai, biyu kashin shanu da gawayi da rufi ba tare da ruwan duro ba, biyu kuma in haɗa musu duka. Zan riƙa auna abin da na tsinka a kowanne da sikeli, in rubuta har da yawan bokitin bayi.

Injiniyan_Rijiya:
Tsarin ya yi, amma kada ka jera fangalin iri ɗaya a gefe ɗaya, ka warwatsa su, domin na kusa da teku sun fi shan iskar gishiri kuma za su ɓata maka lissafi. Ka kuma nemi ɗan abin auna gishirin ruwa mai kama da alƙalami, ka riƙa tsoma shi a rijiyar da kuma cikin ruwan duron bayan ka sirka, sau ɗaya a mako, ka rubuta lambar kusa da nauyin attaruhun.

Ɗan_Maraɗi:
Malam, idan da hali ka ƙara fangali biyu su zama goma, ka ba su namu irin takin ruwan a lokacin damina, lokacin da ruwan sama zai wanke gishirin da Injiniya yake tsoro. Attaruhu dafa shi ake yi kuma 'ya'yansa ba sa taɓa ƙasa. Idan ka fara tara jarkar yanzu ka toshe ta, za ta cika wata shidan da Malama ta ambata kafin ƙaramar daminarku ta watan Satumba.

Abu_Hafsa:
Ni dai ina nan a kan bakana game da waɗannan fangali biyun, amma sauran takwas ɗin ina jiran sakamakonsu, domin ƙanena yana da irin wannan fili a Ada kuma rijiyarsa ta fi taka zartsi. Gwaggo, garin gawayin nan, kwano nawa kike zubawa a fangali ɗaya, kuma zurfin nawa kike cakuɗa shi?